Littafin da kike ɓoyewa a ƙarƙashin zannuwa

Wasiƙar wannan makon daga Jos ta fito, daga wata 'yar uwa da ta nemi a sakaya sunanta. Na taƙaita ta, ga abin da ta ce:

"Anti, shekarata 38, ma'aikaciyar jinya ce ni, 'ya'yana uku. Bara na sayo wa babbar 'yata mai shekara 11 littattafan Harry Potter a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a Taminus, don Turancinta ya ƙaru. Na ce bari in fara dubawa kafin in ba ta. Tun daga ranar na kasa ajiyewa. Yanzu ina kan na biyar, ita kuwa ko ɗaya ban ba ta ba. A ƙarƙashin zannuwana nake ɓoye su, sai kowa ya yi barci in kunna fitilar waya in yi ta karatu har ƙarfe ɗaya, wani lokaci biyu. Sau biyu ina makara sallar asuba. Akwai inda na karanta na yi ta kuka, lokacin wata huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyata. Maigidana ya gani ya yi mini dariya, ya gaya wa yayarsa. Ita kuma ranar wani suna, a gaban mata, ta ce gotai-gotai da ni ina karatun yara, kuma littafin matsafa na shigo da shi gidan ƙanenta. Yanzu ya ce in fitar da su daga gidan. Anti, akwai abin da ke damuna ne? In ƙona su?"

Ƙanwata, Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashinta. Da ta'aziyya na fara saboda a duk wasiƙarki babu abin da ya tsaya mini a rai kamar maganar rasuwar nan, wadda kika ratsa da sauri kamar ba ita ce maganar ba. Zan dawo kanta.

Babu abin da ke damunki. Kuma kada ki kunna wa komai ashana a wannan makon, cikin kunya da ɓacin rai.

Ni a Gangare na tashi, a gidan yawa. Kin san sanyin Jos a watan Disamba, wanda ruwan randa ke yanka hannu da asuba. In an yi sallar isha sai a cika kasko da garwashi a ɗakin kakarmu, mu yara mu kewaye shi, kowa ya duƙunƙune cikin zanen uwarsa. Ta ce, "Ga ta nan ga ta nanku," mu ce, "Ta zo mu ji ta." A zatonmu domin mu kaɗai ake yi. Sai da na girma na tuna cewa ɗakin nan ba ya rabo da manya. Matan gidan suna zaune daga bakin ƙofa wai suna ɓarar gyaɗa, amma in tsohuwa ta tsallake wani wuri, daga cikinsu ake cewa, "Iya, kin manta inda Ƙoƙi ta gano shi." Akwai kawunmu, ƙaton mutum mai aikin kuza, wanda kullum a daidai lokacin nan butarsa ke kawo shi kusa da tagar ɗakin. Zai tsuguna da buta a hannu, ruwan ya huce, bai tashi ba sai an ce ƙurunƙus. Ita kanta mai ba da tatsuniyar, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, in Gizo ya yi wata tsiyar sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, alhali ta ba da labarin nan ya fi sau ɗari. Ban taɓa jin an ce mata gotai-gotai da ita ba.

Haka abin yake a rubuce. Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, don 'yan makaranta Abubakar Imam ya rubuta shi a Zariya. Littafin koyon karatu ne, aku ne ke zuba wa ɗan sarki labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Amma ki je duk zauren da dattawa ke zama ki ambaci akun nan, ki ga yadda fuskoki za su washe. Mahaifina yana da kwafinsa da bango ya cire, ya ɗinke shi da zare, yana ajiye shi a akwati ɗaya da takardun gida. Kafin shi akwai Ruwan Bagaja da Ganɗoki, da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, cike da aljannu da ƙasashen da babu su a taswira. Wanda ya rubuta Ganɗoki, Bello Kagara, yayan Imam ne, malami ne, ya yi alƙalanci, ya riƙe sarautar Walin Katsina. Mutanen da suka san littafi, suka san shari'a, su suka zauna suka ƙaga mana waɗannan labarai, kuma manya da yara suka yi ta wawarsu. Saboda haka in an ce jin daɗin labarin mamaki na yara ne kaɗai, wannan magana baƙuwa ce a ƙasar Hausa.

Kunyar da kike ji ma ba a kanki aka fara ba. Littafin farko na Harry Potter ya fito a Landan a watan Yunin 1997, kuma na yara aka ɗauke shi, da zanen yaro mai tabarau a bango. Shekara ɗaya kacal bayan nan, a 1998, kamfanin Bloomsbury ya sake buga shi da wani bango na daban, hoton jirgin ƙasa baƙi da fari, babu zanen yara ko ɗaya. Ko harafi ba a sauya a ciki ba. An yi haka ne saboda manya suna saye suna karantawa a jirgin ƙasa a hanyar zuwa aiki, suna jin nauyin a gan su riƙe da littafin yara. A shekara ta 2000 kuwa, jaridar New York Times ta Amurka sai da ta buɗe wa littattafan yara jeri na daban a cikin jerin littattafan da aka fi saye, saboda waɗannan sun mamaye saman jerin sun hana na manya sakat. Ranar da na bakwai, na ƙarshe, ya fito a watan Yulin 2007, an sayar da kwafi miliyan 8.3 a Amurka kaɗai cikin awa 24. Yaron da ya fara karantawa yana ɗan shekara 11 a 1997, a ranar nan yana da 21. Jimillar abin da aka sayar a duniya ya haura kwafi miliyan 500, an fassara shi zuwa harsuna fiye da 80. Kuɗin tara na 'yan makaranta ba zai sayi wannan adadi ba. Iyaye ne, da malamai, da likitoci, da masu jinya irinki.

Yanzu bari in koma kan Inna.

Ba ki faɗa mini inda kika yi kuka ba, amma ina kyautata zaton na san wurin. A littafin farko ne, inda marayan nan Harry, jarumin labarin, ya shiga wani ɗaki a makarantarsu ta koyon sihiri da dare ya tarar da madubi. Ya duba, maimakon ya ga kansa shi kaɗai, sai ya ga mahaifiyarsa da mahaifinsa, waɗanda aka kashe tun yana jariri, suna tsaye a bayansa suna yi masa murmushi. Ya waiwaya, babu kowa. Ya sake duban madubi, suna nan. In nan ne, to, wace mace ce za ta yi wata huɗu da binne uwarta ta karanta wannan idonta ya zauna a bushe? Marubuciyar, J.K. Rowling, ta fara tsara labarin a 1990, a ƙarshen shekarar nan mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 45 bayan doguwar jinya, ba ta ma taɓa gaya mata tana rubuta littafi ba. Ta sha faɗa da bakinta cewa rashin nan ya shiga cikin littattafan. Wadda ta rasa uwa ce ta rubuta, wadda ta rasa uwa ta karanta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ko da teku a tsakani.

Ga kuma irin aikinki. Na san masu jinya. Kuna wuni kuna ba mutane haƙuri, kuna rufe wa mamaci ido, kuna riƙe hannun 'yan uwansa a baranda. In naku ya faɗi, a yi zaman makoki na kwana uku, a yi addu'a, baƙi su watse, ki koma bakin aiki, ki dawo ki ɗora tukunya, ki duba aikin gidan yara. Kowa na cewa "sai haƙuri", kuma gaskiya ne, sai haƙurin. Amma hawaye yana neman inda zai zuba. Naki ya samu wuri da ƙarfe ɗaya na dare, a ƙarƙashin bargo, a kan shafin littafin yara, domin nan ne kaɗai ba kowa ke jiran ki zama mai ƙarfi ba. Ban ga abin kunya a nan ba. Abin da ya ba ni tausayi shi ne ke kaɗai kike yi.

Ki tuna yadda labarin madubin ya ƙare. Yaron ya koma dare na biyu, ya koma na uku, ya daina damuwa da abinci da wasa, ba abin da yake so sai dare ya yi. A dare na uku shugaban makarantar ya same shi zaune a gaban madubin, ya zauna kusa da shi a ƙasa, bai yi masa faɗa ba, ya bayyana masa cewa madubin yana nuna wa mutum abin da zuciyarsa ta fi bege ne kawai, kuma an yi mutanen da suka lalace a gabansa. Ya ce za a ɗauke shi, kada ya neme shi. Ƙanwata, littafin da kike karantawa shi da kansa ya riga ni faɗa miki. Karatun ba laifi ba ne, amma karatun ƙarfe biyu na dare da ke cinye miki asuba, wannan zaman gaban madubi ne. Salla ba ta da madadi. Kuma ke da kike auna wa marasa lafiya magani da safe, ido mai barci haɗari ne a hannunki, kin fi ni sanin wannan. Ki yanka wa kanki lokaci, bayan isha zuwa ƙarfe goma, ko ranakun da ba ki da aiki bayan la'asar. In lokacin ya cika ki sa tsinke a shafin ki rufe, ko da a tsakiyar faɗa ne. Lokacin da sahabi Hanzala ya kai kuka cewa in ya bar wurin Manzon Allah (SAW) ya koma cikin iyali da harkokin duniya sai ya ji kamar ya yi munafunci, amsar da aka ba shi ita ce, lokaci da lokaci. Hutu yana da nasa lokacin, amma ba ya hawa kan na farilla.

Sai maganar sihiri, wadda ita ce mai nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Yayar mijinki ta yi kuskure da ta tozarta ki a gaban mata. Amma tsoron da ke ƙarƙashin maganarta yana da tushe, ruwa ba ya tsami banza. Sihiri a wurinmu ba wasa ba ne. Yana cikin abubuwa bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, yana biye da shirka. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci masu koyon abin da suke raba miji da mata da shi. Kuma mun gani da idonmu: matan da boka ya cinye wa sarƙa da 'yan kunne, gidajen da aka tone ƙofa aka ciro ƙulli, zumuncin da zargin asiri ya tarwatsa. Wadda ta san wannan, ta ji an ce ga littafin da jarumansa makarantar koyon sihiri suke, dole gabanta ya faɗi. Ba Musulmi kaɗai ba ma. A Amurka, iyaye Kiristoci da yawa sun nemi a cire littattafan daga makarantu saboda wannan dalilin, har ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta sa su a kan gaba cikin littattafan da aka fi kai ƙara a kansu tsakanin 2000 da 2009. In kin tambayi abokan aikinki Kiristoci a nan Jos, za ki samu masu irin wannan ra'ayi.

To, me ke cikin littafin a zahiri? Ke kin karanta, ni ma na karanta. Sanda ce ake kaɗawa, tsintsiya ce ake hawa a tashi sama, mujiya ce ke kai wasiƙa, da kalmomin da marubuciyar ta ƙera, yawancinsu daga Latin, wani tsohon harshen Turai. Babu wanda zai rufe littafin ya tashi da abin da zai cuci maƙwabcinsa da shi. Ta wannan fuskar, a ganina, ɗan uwan tatsuniyoyinmu ne masu dodo da mayu da zoben da ake murzawa. Amma akwai abu biyu da ba zan ɓoye ba, don na san ke ma kin lura. Na farko, a tatsuniyarmu maye abin gudu ne, a nan kuwa masu sihirin su ne mutanen kirki, su ake so, su yaro ke burin zama. A littafi na uku har darasin duba ake yi a aji, ana kallon ganyen shayi a gindin kofi, ko da yake labarin kansa yana nuna yawancin abin shaci-faɗi ne. Na biyu, duk tsananin da mutanen labarin suka shiga, ba za ki ji sun kira Allah ba. Ke mai shekara 38, da aƙidarki a zaune, kina karantawa kin san ƙage ne, wannan ba zai girgiza ki ba. Yarinya 'yar shekara 11 tana bukatar babba a kusa.

Wannan ra'ayina ne na uwa kuma mai karatu. Hukunci na malamai ne, kuma sun saɓa a kan ƙagaggun labarai irin waɗannan, akwai masu sassautawa in mai karatu ya san ƙage ne kuma bai shagala daga wajibi ba, akwai masu tsanantawa musamman in sihiri ya shigo ciki. Ki samu malamin da ke da mijinki kuka yarda da iliminsa da natsuwarsa, ku je tare. Ki bayyana masa abin da ke cikin littafin yadda yake, kada ki rage don ki samu amsar da kike so, kada kuma a je masa da "littafin matsafa" kawai, domin amsa tana bin yadda aka yi tambaya. Abin da ya faɗa muku kuka natsu da shi, ku bi. In ma rabuwa da littattafan ne, ki rabu da su a kan sani, da zuciya ɗaya. Wannan daban yake da ki ƙona su yau don an kunyata ki a gidan suna, gobe ki koma Taminus ki sake saye a ɓoye.

Ɓoyon nan, ƙanwata, shi ya jawo miki rabin wahalar. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da a kan tebur mijinki ya fara ganin littafin, da rana tsaka, da ƙila tambaya kawai zai yi ya wuce. Amma ya tarar da matarsa cikin dare da fitilar waya, tana share hawaye, tana tura abu ƙarƙashin matashi. Ki sa kanki a matsayinsa. Dariyar da ya yi, ban ce daidai ba ce, amma sau da yawa namiji in ya ga abin da bai gane ba a wurin matarsa, dariya yake fakewa da ita. Ina da yaƙinin har yau bai san cewa Inna kike yi wa kuka ba. A ganinsa wani yaron Bature mai tabarau kike yi wa.

Ki gaya masa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, babu waya a hannunsa. Kada ki fara da kare littafin. Ki fara da cewa tun rasuwar Inna akwai abin da ke cin ki da ba ki gaya wa kowa ba. Sannan ki ba shi labarin madubin da bakinki, da Hausa, yadda za ki ba shi labarin wani maraya da aka kwantar a asibitinku. In yana da wanda ya rasa, kuma wa ya kai shekarunmu a garin nan bai rasa wani ba, zai gane. Daga nan ki faɗa masa a hankali cewa dariyar ta yi miki ciwo, kuma kai maganar ɗakinku wurin Yaya ya fi dariyar ciwo. Kina da haƙƙin faɗin wannan. Ki kuma amsa naki laifin da bakinki, ɓoyon da makarar asuba, kafin ya ambata.

Na san za ki ji kamar ki ce masa, shi da yake zuwa gidan kallon ƙwallo duk Asabar yana ihu kamar zai tsaga maƙogwaro fa? Gaskiya ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ni ban ga aibin namiji ya huta da ƙwallonsa ba. Amma kada ki jefa masa ita a matsayin gori, domin daga nan magana ta tashi daga kan damuwarki ta koma wa ya fi wani. In zance ya yi daɗi, kya iya tambayarsa me yake ji in ƙungiyarsa ta ci a minti na ƙarshe. In ya faɗa, ki ce to irinsa kike ji.

In duk da haka ya tsaya a kan a fitar da su, kada ki yi masa biyu, ki ce to a gabansa ki ci gaba a bayansa. Gida nasa ne kamar yadda yake naki, kuma tarbiyyar yaran tana wuyansa. Ki nemi izininsa a fili ki kai su gidanku ko wurin aikinki, ki riƙa dubawa lokacin hutu, har ku je wurin malamin. Littafi bakwai ba su kai a yi wasa da zaman lafiyar aure a kansu ba, kuma namijin da aka bi ta hanyar girmamawa yakan sauko da kansa bayan kwana biyu.

Ita kuwa Yaya, kada ki mayar mata da martani a taro, kada ki aika mata saƙo ta bakin wani. Ranar Juma'a ki ɗauki ɗan abin hannu, ko dankalin Turawa ne rabin kwando, ki je ki gaishe ta. In ta tayar da maganar ki ce kin ji, kin gode da kulawarta ga yaran, kuma kun shirya tambayar malam. Ki tsaya nan. Ba sai kin ci ta da hujja ba.

Saura yarinyar, wadda domin ita aka sayo littattafan tun farko, kuma har yau ko bangonsu ba ta gani ba. In kun daidaita da mahaifinta, kuma amsar malam ta ba da dama, shawarata kada ki miƙa mata ki juya baya. Ku karanta tare, babi ɗaya a zama, ita ta karanta da ƙarfi ki riƙa gyara mata, in an zo wuri mai wuya ki juya mata da Hausa. Turancin da kike nema mata zai zauna fiye da in ita kaɗai ce. Kuma a nan za ki samu ƙofar da iyaye da yawa ke nema ba su samu ba, ta yi wa yarinya maganar boka da duba da asiri ba tare da wa'azi ya gundure ta ba. In an zo darasin ganyen shayi, ki ajiye littafin ki tambaye ta, wa ya san gaibu? Ki bar ta ta amsa. In an zo inda yaron ke cikin tsoro shi kaɗai, ki tambaye ta, da ke ce, me za ki karanta? Akwai kuma abubuwan kirki da za ku tsinta: abokan da ba sa yar da juna, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a aji ba ta jin kunyar hakan, gidan talakawa masu 'ya'ya bakwai da suka ɗauki maraya kamar nasu, da muguntar masu raina mutum saboda asalin iyayensa. Yaran Jos ba su bukatar a fassara musu wannan na ƙarshen.

Amma ki bi a hankali, kada ki ba ta duka a lokaci ɗaya. Littattafan suna girma tare da yaran da ke cikinsu. Na farko shafi 223 ne a bugun Ingila na asali, na biyar da kike kai yanzu 766. Ba kauri kaɗai ke ƙaruwa ba. Daga na huɗu ake fara kashe ɗalibi a gaban mai karatu, duhun labarin yana ƙaruwa, ga kuma soyayyar samari da 'yan mata irin ta can, wadda ba tarbiyyarmu ba ce. Ni da 'yata ce, uku na farko za mu yi yanzu, sauran su jira ta ƙara shekaru. Kuma duk daren da aka yi na Bature, washegari a yi namu. Ki nemo mata Magana Jari Ce da Iliya Ɗan Maiƙarfi, ki sa ta karanta da Hausa, don yaranmu na birni da yawa suna jin Hausa amma in an ba su a rubuce sai su yi ta in'ina. Ki tuno tatsuniyoyin da Inna ta yi muku kuna yara, ki ba su da irin muryarta da irin waƙoƙinta, ki gaya musu cewa daga bakin kakarsu kika ji. Ƙananan biyun ma za su matso. Ƙila ki yi kuka a tsakiyar wata, ba komai, su ga uwarsu tana kewar tata uwar, sannan ku ɗaga hannu tare ku yi mata addu'a kafin a kwanta.

In kuwa kin ga watanni suna wucewa baƙin cikin bai sassauta ba, barci ya ƙi, abinci ya fita ranki, aiki ya zame miki dutse, to ki yi wa likita magana a wurin aikinku kamar yadda za ki shawarci mara lafiyar da ya zo miki da irin wannan.

Yau dai, kafin ki kwanta, ki ciro littattafan daga ƙarƙashin zannuwan ki ɗora su inda maigidan zai gani, ki ce masa kina da magana in ya samu sarari. Ki saita ƙararrawar wayarki ta asuba, ki ajiye wayar nesa da gado. In kun dawo daga wurin malamin ki rubuto mini yadda kuka yi, ina jira.